"Sai an yi fomatin": Yadda ƙaramin filash zai iya ceto bayanan masu kwamfuta a Dawakin Tofa

Akwai maganar da duk mai kwamfuta yake fargabar ji a shagon gyara. Na'urarsa ta ƙi tashi, fuskarta ta yi shuɗi ko ta tsaya cak a kan tambarin kamfani. Mai gyara ya danna nan, ya danna can, sannan ya ɗago kai ya ce: "Sai an yi fomatin."

Fomatin shi ne a share rumbun ajiyar kwamfutar a zuba mata sabuwar Windows. Sau da yawa takan dawo tana aiki lafiya lau. Abin da ke cikinta ne ba ya dawowa.

A ƙaramar hukuma irin Dawakin Tofa, wannan ba ƙaramar asara ba ce. A nan Kasuwar Dawanau take, a kan hanyar Katsina, inda ake hada-hadar riɗi da zoɓo da citta da wake da masara, wasu ma har ƙasashen waje ake fitar da su. Har yanzu littafi da biro ne abokan aikin 'yan kasuwa da yawa. Amma dilolin da ke hulɗa da kamfanonin fitar da kaya sun saba ajiye lissafi a laftof: buhu nawa aka loda, wa ya biya, wa ake bi bashi.

Haka abin yake a shagunan buga takardu na garuruwa irin su Dawaki da Tumfafi da Kwa. Kwamfuta ɗaya takan ɗauki hotunan fasfo na mutanen unguwa, da takardun shaidar karatu da aka yi wa sikanin, da kundin binciken ɗalibin da ya kwashe watanni yana rubutawa. Ga malamin makaranta mai haɗa sakamakon jarrabawa. Ga mai ɗaukar bidiyon biki, wanda in fayil ya ɓace ba shi da bakin da zai ce wa iyayen amarya a sake ɗaura aure.

Abin takaicin shi ne, in dai Windows ce kawai ta lalace ba rumbun ba, fayilolin suna nan daram ko ɗaya bai taɓu ba. Ƙofar shiga ce ta ƙi buɗuwa. Kuma akwai wata ƙofar, wadda makullinta bai fi ɗan yatsa girma ba.

Tayar da kwamfuta ba tare da rumbunta ba

Idan aka kunna kwamfuta, ba Windows ce ke fara aiki ba. Akwai wata ƙaramar manhaja a jikin na'urar, BIOS a tsofaffi, UEFI a sababbi, wadda aikinta shi ne ta nemo babbar manhaja ta miƙa mata ragama. A al'ada rumbun ciki take dubawa. Amma ana iya ce mata ta duba filash ɗin da aka soka a gefe.

Madannin da ake dannawa ya danganta da kamfani. A yawancin kwamfutocin HP F9 ne, a Dell da Lenovo kuma F12, ana dannawa da zarar an kunna. Jerin zaɓi zai fito, sai a zaɓi filash.

Idan filash ɗin na ɗauke da babbar manhaja ta Linux, kamar Linux Mint ko Ubuntu, kwamfutar za ta tashi da ita gaba ɗaya ba tare da an girka komai a rumbu ba. Daga nan rumbun da Windows ta ƙi tashi a kansa zai bayyana kamar kowane fayil. A buɗe, a kwafe takardu da hotuna zuwa wani filash ko rumbun waje. Bayan haka in an ga dama a yi fomatin ɗin, babu abin da aka rasa sai lokaci.

Duk manhajojin da ake wannan aiki da su kyauta ne. Ba kyauta irin ta kwafin sata da aka fasa makullinsa ba. Masu su ne suka buɗe lambobin da aka rubuta su da su, suka ba kowa izinin saukewa da rabawa da gyarawa. Shi ya sa ake kiransu buɗaɗɗun manhajoji.

Biyu ne suka fi shahara wajen haɗa irin wannan filash. Ta farko Rufus, wadda wani injiniya mai suna Pete Batard ya fitar a 2011. 'Yar ƙarama ce, masu gyara da dama a Farm Centre da Beirut Road a Kano sun san ta, domin da ita ake zuba Windows a filash. Matsalarta ɗaya: filash ɗaya, manhaja ɗaya. In ana son canji sai an share an sake.

Ta biyu Ventoy, wadda ta fito a 2020 daga hannun wani ɗan ƙasar Sin da aka sani da laƙabin longpanda. Sau ɗaya ake girka ta a filash. Daga nan sai a riƙa jefa fayilolin manyan manhajoji a ciki kamar yadda ake kwafar waƙa ko fim: Windows 10, Windows 11, Linux Mint, da kayan ceto irin SystemRescue. Da an tayar da kwamfuta za ta jero su, a zaɓi wanda ake so. Sauran wurin da ya rage kuma ana ci gaba da ajiye kaya a cikinsa.

Ga mai gyara da ke zaune a ƙauye, wannan bambanci ne mai girma. Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5, na Linux Mint ya kusa 3. Ba kowa ne zai iya sauke su da datar waya ba, balle a wurin da sabis ke zuwa yana tafiya. Amma sau ɗaya ake buƙatar saukewa. Wanda ya shiga birni ya samo, zai iya kwafa wa abokan sana'arsa goma, kuma in Linux ce da kayan cetonta, lasisinsu ma ya yarda da hakan.

Littafin sito

Kafin a gane yadda fayil ke ɓacewa ya dawo, sai an gane yadda ake ajiye shi. Duk wanda ya taɓa shiga babban sito a Dawanau ya san buhu dubu ba su da amfani in babu littafin da ke nuna na wane ne, kuma a wane layi yake. Rumbun kwamfuta ma haka yake. Akwai bayanan da kansu, akwai kuma littafin da ke nuna inda kowanne yake. Wannan littafi shi ne tsarin jera fayil, kuma iri-iri ne.

FAT32 shi ne tsoho, tun 1996. Kusan kowace na'ura tana karanta shi, daga rediyon mota zuwa talabijin, shi ya sa ƙananan filash da memori ke zuwa da shi. Amma ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Wannan ne dalilin da mai bidiyon biki zai ga filash ɗinsa fayau babu komai, amma kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi girma. Ba filash ɗin ne ya lalace ba.

Maganin wannan shi ne exFAT, wanda Microsoft ya fitar a 2006. Shekaru da dama kamfanin ya riƙe shi a hannunsa, sai a 2019 ya wallafa bayanan tsarin ya yarda a saka shi cikin Linux. Ventoy ma da shi take tsara filash.

NTFS kuma shi ne na rumbun Windows, ext4 na yawancin Linux. Waɗannan biyun suna da wata dabara da ta dace da wurin da wuta ba ta da tabbas: kafin su canja komai a littafin, sukan rubuta a gefe abin da suke shirin yi. In janareta ya mutu ana tsakiyar aiki, da an dawo za su duba wannan rubutu su daidaita kansu. FAT32 da exFAT ba su da wannan. Shi ya sa zare filash ana cikin kwafa, ko ɗaukewar wuta a daidai lokacin, kan sa washegari kwamfuta ta ce sai an yi wa filash ɗin fomatin kafin a buɗe shi.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Saƙon yana zuwa da madannin amincewa a gaba, hannu kuma ya saba dannawa. Alhali abin da ya faru shi ne shafin farko na littafin ya yage, buhunan suna nan a jere.

Akwai manhajoji biyu na wani Bafaranshe, Christophe Grenier, da aka yi domin irin wannan rana. TestDisk tana neman ɓangaren rumbu da ya ɓace ta gyara littafin, kuma in ta yi nasara komai zai dawo da sunansa a mazauninsa. PhotoRec kuwa ba ruwanta da littafi. Bin rumbun take daga farko zuwa ƙarshe, tana gane fayil ta alamar da yake farawa da ita, wannan hoto ne, wannan takardar Word ce, wannan bidiyo ne. Ta san ɗaruruwan nau'o'in fayil. Sai dai sunayen ba sa dawowa. Mutum zai samu kayansa a tare wuri guda da lambobi a matsayin suna, ya zauna ya tantance. Aiki ne mai cin rai, amma wanda kundin digirinsa ya ɓace ba zai yi ƙorafi ba.

Ko bayan an riga an yi fomatin, ba lallai ne an makara ba. Fomatin na gaggawa sabon littafi kawai yake buɗewa, ba ya taɓa buhunan. Suna lalacewa ne a hankali yayin da ake ɗora sababbi a kansu. Don haka ƙa'idar farko ita ce a daina amfani da rumbun nan take, kuma duk abin da aka ceto a ajiye shi a wani wuri daban, ba a kan rumbun da ake ceton ba.

Akwai inda dabarar ba ta ci. Cikakken fomatin, tun daga Windows Vista, yana bin rumbu ne yana shafe shi da sifiri, babu abin da zai rage. Sababbin rumbuna na SSD su ma sukan share abin da aka goge da kansu ba da jimawa ba. Rumbun da ke ƙara ƙas-ƙas-ƙas kuwa ciwonsa a jiki yake, duk kunnawa ƙara masa rauni take. Irinsa ana fara kwafe shi ɗungurungum zuwa lafiyayyen rumbu da manhajar ddrescue, sannan a yi aikin ceto a kan kwafin.

GParted ita ce ta yanka rumbu da faɗaɗa shi ba tare da an share ba. Da ita mai gyara zai iya raba rumbu gida biyu, Windows a ɗaya, fayilolin mai kaya a ɗaya. Ranar da Windows ta sake lalacewa, ɓangarenta kawai za a share. Wannan ɗan aiki na mintuna, da ana yin sa tun ranar sayen kwamfuta, da rigingimu da yawa tsakanin masu gyara da masu kaya ba su taso ba.

Filash na jabu

Duk wannan ya dogara ne a kan filash mai kyau, kuma kasuwa cike take da na jabu. Akan ɗauki ƙaramin filash a sauya masa bayanin da yake ba kwamfuta, ya riƙa cewa shi gigabait 64 ne ko 128 alhali bai wuce 8 ba. Zai karɓi duk abin da aka zuba masa ba musu, sunayen fayiloli su fito a jere. Sai ranar buɗewa a tarar babu komai, domin da wurin gaskiya ya cika, sauran ko dai sun bi iska ko sun hau kan na farko. Babu manhajar da za ta dawo da abin da tun asali ba a ajiye ba.

Gwajin ba wuya. Buɗaɗɗiyar manhajar f3, ko H2testw a Windows, wadda kyauta ce ko da yake lambobinta ba a buɗe suke ba, za ta cika filash ɗin da bayanai ta sake karantawa ta faɗi girmansa na gaskiya. Yana ɗaukar lokaci, wani zubin sa'o'i. Ya fi a yi shi ranar da aka saya, tun mai shago bai manta fuskar mai saye ba.

Ranar da Windows 10 ta tsufa

Wani dalili ya ƙaru da zai sa a san waɗannan kayan aiki. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina ba Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Ya bar ƙofar ƙarin wa'adi ga masu amfanin gida da suka yi rajista, zuwa 13 ga Oktoba, 2026.

Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa: wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da injin sarrafawa na Intel daga zubi na takwas zuwa sama, wato na wajen 2017 da 2018, ko takwarorinsa na AMD. Laftof na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda su ne ɗalibi da ƙaramin ɗan kasuwa ke iya saye, da yawansu sun girmi wannan. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da aiki. Amma duk kafar da ɓarayin intanet suka gano daga baya, babu mai toshe ta.

Rufus na iya tsallake waɗannan sharuɗɗa ta zuba Windows 11 a tsohuwar na'ura, kuma ana yi. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alhakin irin waɗannan kwamfutoci ba, bai kuma yi alkawarin ci gaba da aika musu gyara ba. Ɗaya hanyar ita ce Linux, wadda ke tafiya da sauri a kan na'urar da Windows ta yi wa nauyi. Amfanin filash a nan shi ne mutum zai gwada tukuna: ya ga ko wayfai na aiki, ko firintarsa ta amsa, kafin ya taɓa rumbunsa.

Ba kowa Linux za ta yi wa ba, gaskiya. Mai shagon da abincinsa ke kan CorelDRAW ko Photoshop, yana zana katin biki da fosta, ba zai same su a can ba, kuma koyon madadinsu ana tsakiyar layin kwastoma ba abin wasa ba ne. Amma mai rubutu da lissafi da shiga intanet, LibreOffice da Firefox sun ishe shi.

Makarantu su ne suka fi kowa buƙata. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, WAEC ma ta fara a 2024 da masu zana jarrabawa na kashin kansu. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an riga an ci shi da rabi. Dawakin Tofa na da tarihi a karatun kimiyya, domin makarantar sakandaren kimiyya da ke garin na cikin biyun farko da Jihar Kano ta buɗe a 1977, tare da ta Dawakin Kudu. Ga kowace makaranta da ke da tsofaffin kwamfutoci ashirin a ɗaki, akwai Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a wata cibiyar bincike ta gwamnatin Taiwan. Ana shirya kwamfuta ɗaya tsaf, a ɗauki hoton rumbunta, a zuba wa sauran. Ɗalibi ya ɓata ɗaya, a mayar da ita yadda take kafin a tashi daga makaranta.

Ba yau Najeriya ta fara haɗuwa da wannan zaɓi ba. A 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin zuba Linux a ƙananan kwamfutoci 17,000 na 'yan makarantar Najeriya, sai labari ya fito cewa za a share ta a sa Windows. Shugaban kamfanin ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi da ta zagaya duniya. A wancan lokaci manya ne ke yanke wa kwamfuta abin da za ta ɗauka. Yau malamin kwamfuta da filash ɗinsa zai iya.

Wuƙa mai baki biyu

To me ya sa har yanzu fomatin ne amsar farko? Ba duka laifin masu gyara ba ne. Zuba Windows aikin awa ɗaya ne. Ceto fayiloli na iya cin yini, yana buƙatar wuta da rumbun ajiya na daban, kuma mai kaya sau da yawa kuɗin gyara ɗaya yake son biya, yana tsaye yana duba agogo domin motar komawa gida. In ana son masu gyara su riƙa yin aikin, sai an yarda cewa aiki ne daban mai ladansa daban.

Akwai kuma batun amana. Filash ɗin da ya buɗe rumbu domin ceto, shi ne dai zai buɗe shi domin leƙe. Kalmar sirrin shiga Windows ba ta hana komai, tunda ba a bi ta Windows ɗin ba. Duk wanda ya bar laftof a shago ya tafi, ya bar hotunan iyalinsa da takardun bankinsa a hannun mai shagon. Zama a wurin lokacin da ake kwafa ba rashin yarda ba ne.

Su ma manhajojin ba a ɗauke su kamar ba sa kuskure ba. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wata buɗaɗɗiyar manhaja da Linux ke dogaro da ita. Bayan haka masu bincike suka matsa wa Ventoy lamba a kan wasu guntayen fayiloli da ke cikinta waɗanda ba a iya karanta asalin lambobinsu kai-tsaye. Ba a kama ta da cuta ba, amma masu tsananin taka-tsantsan sun fi son Rufus ko balenaEtcher. Haɗarin da ya fi kusa da mai amfani na yau da kullum shi ne shafukan bogi masu kwaikwayon sunayen waɗannan manhajoji suna raba kwafi mai ƙwayar cuta. Daga shafin masu su kaɗai ake saukewa.

Sai kuma sababbin kwamfutoci, inda labarin ya juya. Windows 11, musamman daga zubin 24H2 na 2024, takan kulle rumbu da BitLocker da kanta idan aka shiga da asusun Microsoft, sau da yawa mai kwamfutar bai ma lura ba. Wannan kariya ce daga ɓarawo da mai leƙe. Amma ranar da Windows ta ƙi tashi, Linux da PhotoRec ba za su ga komai ba sai tarkacen da ba ya karantuwa. Abin da zai buɗe shi lamba ce mai alƙaluma 48, wadda ke ajiye a asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga kwamfutar da shi.

A wurare da yawa ba mai kwamfutar ne ya buɗe wannan asusu ba. Yaron shago ne ya buɗe ranar saye, da imel ɗin da shi kansa ya manta. Wanda kwamfutarsa ke aiki a yau zai iya shiga asusun ya duba ko lambar na nan, ya kwafe ta da biro a littafin da yake rubuta bashi.